Daga Kusfa Zuwa Ɗan Mahawayi: Jama'a Na Ƙaruwa, Hanya Na Nan Jiya I Yau

Direban da ya taso daga Kawo a Kaduna da safe, in bai haɗu da cikas ba, cikin sa'a guda zai ga kansa a Ɗan Magaji, bakin Zariya. Tun da aka sake gina wannan ɓangare na titin Abuja zuwa Kano, mai tsawon kimanin kilomita 73, aka buɗe shi a watan Mayun 2023, tafiyar ta yi sauƙi ƙwarai. Amma fasinjan da gidansu ke cikin Kusfa bai iso ba tukuna. Zai sauka ya yi ciniki da mai keke, su kutsa ta ɗaya daga ƙofofin birni, suna kauce wa masu baro da 'yan makaranta da awaki, har inda kwalta ta tsaya. Daga nan sai babur, in lungun ya ba da dama. In bai bayar ba, sai mutum ya ɗora jakarsa a ka ya taka. Mai lafiya ba ya ɗaukar wannan a bakin komai. A tambayi wanda ya taɓa fito da mai naƙuda da tsakar dare, ko wanda gobara ta tashi a maƙwabtansa, motar kashe wuta ta tsaya can bakin titi saboda babu ta inda za ta shiga.

Kusfa tsohuwar unguwa ce a cikin ganuwar Zazzau, kuma ilimi ne ya kai sunanta nesa. Unguwar malamai ce, ta zaurukan karatu da zawiyyar Tijjaniyya. Kamar unguwannin Juma da Kona, wuri ne da ɗalibi kan baro garinsu ya zo ya durƙusa gaban malami da littafinsa, wani ya shekara biyu ya koma, wani kuwa ya yi aure ya zama ɗan gari. Unguwa irin wannan kullum mutanenta sun fi waɗanda aka haifa a cikinta yawa. To, su nawa ne?

Babu wata takardar gwamnati da aka buga a wannan ƙarni da za ta amsa wannan tambaya, kuma daga nan matsalar hanya ta samo tushe.

Da can ana ƙirga mutane, ko da dai ba don alherinsu ba ne. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa Zariya a 1826, ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 40,000 da 50,000. A wancan zamani gidaje ba su cika ganuwa ba. Akwai gonaki a cikinta, da fadamu, da kududdufai, da filin kiwo, don in an rufe ƙofofi lokacin yaƙi mutane su sami abin ci. Bayan Turawa sun shigo a 1902, haraji ya sa aka riƙa rubuta kowane baligi. Mai unguwa ya san magidantansa ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa na gaba da shi, har lissafi ya isa ofishin En'e. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali bayan hawansa mulkin tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, kuma ya kyauta, don talaka ya sha azaba a kan wannan kuɗi. Sai dai littafin sunayen ya tafi tare da harajin, ba a kuma kawo wani abu a madadinsa ba.

Ƙidayar 1991 ta fitar da alƙaluma har zuwa matakin garuruwa da ƙauyuka. Ta watan Maris na 2006 kuwa a ƙaramar hukuma ta tsaya. Ta ce Ƙaramar Hukumar Zariya na da mutum sama da 400,000, Sabon Gari kimanin 290,000, Jihar Kaduna sama da miliyan 6, Nijeriya duka miliyan 140. Kusfa na cikin wancan 400,000, haka Kwarbai da Kaura da Tudun Wada, haka ƙauyukan Wuciciri da Dutsen Abba da Dambo, an cure su wuri guda ba a san rabon kowa ba. Ƙidayar da ta kamata a yi a 2016 ba a yi ta ba. Wadda aka sa wa rana a farkon Mayun 2023, saura 'yan kwanaki a fara aka ɗage ta. Jaririn da aka ƙirga a goye a 2006 yau shi ne ke tuƙa keken da ake shiga, wata kuma tana goye da nata.

Ko ba a ƙirga ba, ido na gani. Gidan da kaka ya bari da ɗaki shida da fili a tsakiya, gado ya raba shi sassa huɗu ko biyar, kowane sashe da ƙofarsa. Zauren da ake karatu a ciki an yanki rabinsa an yi ɗakin ango, wani an fasa masa ƙofa ta waje ya zama shago. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, waɗanda su ne ke shanye ruwan sama, an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, sai ruwa ya rasa wurin zuwa ya bi lungu. Wanda ya rushe katangar ƙasa zai sa ta bulo yakan ɗan turo ta gaba da taku guda, maƙwabcinsa na can gefe shi ma ya yi haka in nasa lokacin ya zo. Babu wanda ya yi niyyar cutar da kowa. Amma lungun da jaki da mangalarsa ke wucewa a sake shekara hamsin da suka wuce, yau makara da ƙyar take juyawa a wasu kwanoninsa. Ga 'yan ci-rani da ke shigowa bayan kaka. Ga kuma waɗanda tashin hankalin 'yan bindiga ya koro daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari a 'yan shekarun nan, suka raɓe wurin dangi cikin birni, babu wanda ya rubuta zuwansu.

Akwai wani abu a tarihin garin da ya sa kusan kowa a birni ya zama matafiyi kullum safiya. Turawa ba su zauna cikin ganuwa ba, kuma ba su shigo da dogo cikinta ba. Layin jirgin ƙasa na Baro zuwa Kano ya ratsa ta arewacin birni, ya isa Kano a 1911, kuma a gefen tasharsa Sabon Gari ya tsiro. Daga nan aka ja ƙaramin layin da ya hau Jos don kwaso kuza, wanda aka kammala a 1914 aka rufe a 1957, sannan aka ja na Gusau da Ƙauran Namoda da ya kai ƙarshe a 1929. Zariya ta zama mahaɗar jirage. Injin gurzar auduga, kantunan Turawa, kamfanin taba, duk can suka zauna. Tudun Wada ya taso tsakanin birni da Sabon Gari. Bayan haka komai babba sai ya ƙara yin arewa: Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964, cibiyar nazarin sufuri ta Basawa a 1986, daga bisani asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika.

Ma'anar wannan ga ɗan Kusfa a fili take. Gidansa na cikin ganuwa, abincinsa kuwa galibi na waje. Malamin makaranta, akawu, ɗalibi, tela mai kai ɗinki, mai jinya, duk sai sun fita, mafi yawa ta Ƙofar Doka, su ratsa Tudun Wada, su haye Kubanni, su nufi Sabon Gari ko Kwangila ko Samaru. Wanda asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ya tura Shika yana da tafiyar sama da kilomita 15 a gabansa, kuma ba abin hawa ɗaya zai kai shi ba. Sai ya sauka ya sake shiga, kowace sauka da kuɗinta.

Duk da haka, wahalar mutumin birni rabi ce in aka kwatanta da ta wanda ke ciyar da shi. Itacen da ake girki da shi a Kusfa, masarar tuwo, rake, tumatir, nonon da ake dama fura, da ma yaran da ke cika makarantun allo, duk daga ƙauye suke zuwa. A kan wannan akwai wani tsohon bincike da aka yi a ƙasar Zazzau, wanda ya kamata duk mai riƙe da kasafin hanyoyi ya sani.

A 1966 zuwa 1967, wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, tare da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suka zaɓi ƙauyuka uku suka bi rayuwar manomansu har shekara ta zagayo. Abin da ya bambanta ƙauyukan shi ne hanya. Hanwa na bakin Zariya, da ƙafa ma ana shiga gari. Doka na da nisan kimanin kilomita 40, amma a kan babban titin Kano take. Ɗan Mahawayi ya fi Doka kusa, kimanin kilomita 32, sai dai ƙarshen hanyarsa mota ba ta bi sai da rani. Ƙasa iri ɗaya, damina iri ɗaya, al'ada ɗaya, amma rayuwa ta sha bamban. A Hanwa mutane sun yi cunkoso, yawansu a kan kowane yanki na ƙasa ya ninka na Ɗan Mahawayi sau da yawa, gonaki ƙanana, ba a barin saura ta huta, maza na shiga gari neman aikin lada, mata na kai nono. A Doka, rake ne ya kankama a fadama, saboda kaya ne mai nauyi wanda sai da babbar mota a kusa yake biyan mai shi. A Ɗan Mahawayi fili ya wadata, akwai ƙasar da ke kwance ba a nomawa, mutane sun fi dogara ga abin da ba ya lalacewa da wuri da kuma sana'o'in gargajiya na cikin gida. Kilomita ba ita ce ke auna nisa ba. Abin da ke auna shi shi ne ko mota za ta iya zuwa ƙofar rumbunka a watan Agusta.

Yau in ka ce wa matashi Hanwa ƙauye ne zai yi mamaki. Gari ya haɗiye ta, ta zama unguwa a Sabon Gari, gonakin da Norman ya auna sun koma fulotai. Doka na cikin Ƙaramar Hukumar Kudan, titin da ke gefenta ya zama tagwaye. Ɗan Mahawayi na cikin Giwa, yankin da ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun 'yan bindiga. Ba na cewa rashin hanya ne ya haifi ta'addanci. Amma kowa ya san ƙauyen da motar jami'an tsaro ba ta iya kaiwa da damina shi ake fara taɓawa, kuma shi malamin makaranta da ma'aikacin lafiya ke roƙon kada a tura su. In ƙauye irin wannan ya watse, mutanensa ba sa ɓacewa. Birni suke zuwa, su ƙaru a kan waɗanda ke cikin lungu. Hanyar da ba a gina a Giwa ba, Kusfa na cikin masu biyan kuɗinta.

A nan ne labarin Indiya ke da amfani gare mu, ƙasar da muke hawa kayanta kullum. Keken nan mai ƙafa uku da ya cika titunan Zariya, ƙirar Bajaj ko TVS, daga can yake, haka babur ɗin Boxer da 'yan acaɓa ke ji da shi. Mun sayo abin hawansu, ba mu ɗauko tsarinsu ba. Indiya na da ƙauyuka kimanin 640,000, kuma ƙidayarsu ta 2011 ta ba kowane ɗaya layinsa: gidaje nawa, maza nawa, mata nawa, akwai makaranta ko babu, akwai titi mai kwalta ko babu, bas na zuwa ko ba ya zuwa, tashar jirgin ƙasa mafi kusa na cikin kilomita 5 ne ko 10 ko fiye. A kan irin wannan lissafi gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta ƙaddamar da shirin hanyoyin karkara a watan Disamban 2000, da ƙa'ida mai sauƙin fahimta. Duk ƙauyen da mutanensa suka kai 500 yana da haƙƙin hanyar da ake bi rani da damina, a wuraren duwatsu da hamada kuwa ko 250 ne. Aka fara da masu 1,000 zuwa sama. Zuwa yanzu sun shimfiɗa sama da kilomita 700,000.

Shirin bai zama maganin komai ba, kuma gara a faɗa. Wasu masana biyu, Sam Asher da Paul Novosad, sun bi sawunsa suka buga sakamako a 2020. Sun gano cewa a 'yan shekarun farko sabuwar hanya ba ta ɗaga arzikin ƙauye sosai ba, babban abin da ta yi shi ne sauƙaƙa wa mutane fita neman aikin lada a wajen gona. Abin da Hanwa ta nuna ke nan tun shekara hamsin kafin su. Ita ma Indiyar ba ta yi ƙidayar 2021 a kan lokacinta ba. Amma abin koyi yana nan daram: can dagacin ƙauye na iya buɗe takarda ya ce mu 620 ne, ƙa'ida ta ce a yi mana hanya. A nan kuwa sai dai a tara dattawa a cika mota a tafi gaisuwa gidan ɗan majalisa. Wanda ke da ɗa a gwamnati ya samu, wanda ba shi da kowa ya jira zaɓe mai zuwa.

Ba wai ba a taɓa ƙoƙari ba. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986 ta buɗe hanyoyin burji da yawa, damina biyu uku suka cinye mafi yawansu saboda babu mai gyara. Jihar Kaduna na cikin na farko da suka ci gajiyar shirin hanyoyin karkara na Bankin Duniya daga 2008. Shirin sabunta birane da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta fara a 2019 ya taɓa Zariya, an faɗaɗa tituna, an gyara mahaɗu. Sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 203, wanda aka aza harsashinsa a watan Yulin 2021, ta Zariya zai bi. Duk waɗannan alheri ne. Sai dai na baya-bayan nan manyan hanyoyi ne, irin waɗanda baƙo ke gani. Taku ɗari biyun ƙarshe a cikin birni, da kilomita goman ƙarshe a karkara, su ne kullum ake bari.

Wannan giɓi ɗan acaɓa ne ya cike shi, sai a yi masa adalci. Ana zaginsa da ganganci, kuma wasu sun cancanci zagin. Amma shi ne motar asibitin lungu, shi ne ke fito da buhun masara daga gonar da a-kori-kura ba ta kaiwa, shi ne ke ɗauko malami zuwa ɗaurin aure a ƙauye. An ga matsayinsa a ƙarshen Satumban 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana hawa babur na wata uku saboda tsaro, bayan ta riga ta dakatar da kasuwannin mako a Giwa da wasu ƙananan hukumomi. Dalilin gwamnati mai ƙarfi ne, amma nauyin ya fi sauka a kan wanda ba shi da wani abin hawa sai wannan. Sai kuma ga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin keke ya bi ta, kuɗin dakon kayan gona ya bi ta, farashin mudu ya bi su duka. Tun daga lokacin ake ganin dattawa da ɗalibai suna taka sayyada daga birni zuwa Tudun Wada da Sabon Gari, tafiyar da a da ba a tunanin yin ta da ƙafa. Zumunci ma ya ji jiki, don biki ko gaisuwar mutuwa a ƙauye yanzu sai an zauna an yi lissafi.

Kada a fahimci wannan rubutu a matsayin kira a kawo katafila cikin Kusfa. Allah Ya kiyaye. Lungunan nan da zaurukan nan su ne Zazzau, kuma garin da ya rushe tsofaffin unguwanninsa don mota ta wuce ya yi asarar da ba ta mayuwa. Abin da lungu ke bukata ba shi da tsada irin ta gadar sama: a daɓe shi, a yi masa magudanar ruwa mai murfi, a tsare sauran kududdufan da suka rage, a tanadi keken ɗaukar marar lafiya da zai iya shiga inda mota ba ta shiga, a kafa wuraren jan ruwan kashe gobara a cikin unguwa. A kuma shata iyakar kowane lungu a rubuce, da sa hannun mai unguwa da maƙwabta, yadda mai sabon gini ba zai ci ko taƙi ɗaya ba. Wannan na ƙarshe ba ya jiran Abuja ko Kaduna. Malaman Kusfa sun fi kowa sanin abin da shari'a ta ce game da haƙƙin hanya da haƙƙin maƙwabci, kuma in suka faɗa a zaure za a ji.

Ƙirgar ma ba dole sai an jira Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba. Masarautar Zazzau na da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. Jihar na da hukumar ƙididdiga. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen nazarin ƙasa da na tsara birane cike da ɗalibai masu neman abin bincike, cibiyar sufuri ta Basawa kuma aikinta ke nan. Shugaban Majalisar Wakilai, Abbas Tajuddeen, mazaɓar Zariya yake wakilta. Da wuya a sami wani gari a Arewa da ya tara waɗannan duka a wuri ɗaya.

Don haka kiranmu ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, da shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da Giwa da Kudan: a fara da unguwa ɗaya da gunduma ɗaya. A ƙirga mutanen Kusfa gida-gida, har da almajiri da baƙo, a auna lungunanta. A ƙirga ƙauyukan gundumar Ɗan Mahawayi, a rubuta wanda mota ke kaiwa da damina da wanda ba ta kaiwa. A buga sakamakon da Hausa, a manna a ƙofar fada da sakatariya da masallatan Juma'a, yadda in lokacin kasafin kuɗi ya zo talaka zai iya nuna layin garinsu ya tambayi inda aka kwana.